Kaya da gammo a hanyar Bagazam

Mu da ba mu kai talatin ba, ɗaukar kaya muka iya, nauyinsu ba mu sani ba. Ɗalibi zai cusa littattafai da takalma da tiyar garin rogo cikin jaka guda, ya saɓa, ya taka daga tasha har ɗakin abokinsa, ya kwana bisa siminti da rigar jikinsa, gari ya waye ya miƙe garau kamar ba shi ba. Jikinmu bashi yake ci, ba ya tambayar ranar biya. Shi ya sa in aka ce mana wani dattijo ya ɓata yini guda yana shawarar ko ya tafi da bargo ko ya bar shi, sai mu yi dariya.

Lissafin kuwa ba na dariya ba ne. Mutum in ya ba hamsin baya, jikinsa yana ƙara neman abubuwa: shimfiɗa mai taushi, abin rufa mai kauri, magani, tabarau, abu mai zafi da safe. A daidai lokacin ne kuma ƙarfin ɗaukar waɗannan abubuwan yake raguwa. In tafiyar mota ce ba wata damuwa, yaron mota zai ɗaure su bisa. In kuwa tafiyar ƙafa ce ta kwana da kwanaki, wadda duk abin da za ka ci da abin da za ka kwanta a kai yana goye a bayanka, to kowane jin daɗi da gwiwarka za ka biya shi. Wurin kawuna na ga wannan lissafi, cikin hutun Disamba na 2022.

Kawu malamin lakwal ne. A 1996, shekara guda bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, aka tura shi wani ƙauye a bisa dutsen Bagazam, can cikin Abzin. Yana da shekara 26, bai taɓa wuce Tanut ba. Mu a Damagaram Bagazam sunan doki ne, irin wanda maroƙa ke kambama sarakuna da shi. Yawancinmu ba mu san cewa dutse ne mai faɗi a bisa, da ƙauyuka da garake da mutane ba. Can ne ma wuri mafi tsawo a ƙasar Nijar baki ɗaya, ƙololuwar Idukal-n-Tages, mita 2022. Shekara uku Kawu ya yi a can, a zamanin da albashi kan yi watanni bai zo ba. Yakan ce ya sha hawa da rabin buhun hatsi a ka, da kwalin alli a hammata, bai zauna ba sai sau ɗaya. Wannan labarin mun ji shi har mun haddace, kuma duk shekara buhun ƙara girma yake.

Da ya ce zai koma ya ga ƙauyen, hujjar da ya kawo irin ta malamai ce: dutse mita 2022, shekara 2022, ai ba za a bar wannan ta wuce ba. Innata, wato yayarsa, ba ta ga abin dariya a ciki ba. Shekararsa 52, yana shan maganin hawan jini, tansiyo kamar yadda muke cewa, gwiwarsa ta dama kuma tana ƙara in zai tashi daga tabarma. Ta ce ba za ta hana shi ba, amma sai da ni. Haka na zama ɗan rakiya, ko in ce ɗan leƙen asirin Inna.

Jakar goyo muka saya cikin kayan gwanjo a kasuwar Dole, babba, mai launin ganye, da wata ɗamara mai kauri tana reto a ƙasanta. Kawu ya dubi ɗamarar, ya ce ado ne na Nasara, ya ɗaure ta ta baya don kada ta dame shi. Abin da ya zuba a ciki kuwa ba a faɗa: bargo mai kauri, tabarma, ƴar katifar soso, butar shayi da kofuna da ɗan murhun waya da gawayi, sukari kilo guda, rediyo da baturansa, babbar riga da hula, tsofaffin takalman sawu-ciki masu nauyi kamar na soja, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, magunguna, sannan kaye 40 da bik na tsarabar yaran lakwal. Daga Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut da Aderbissinat, mota ce ta ɗauka. Daga Agadas zuwa Tabelot, gindin dutsen, wata babbar mota ce da ta sauke albasa za ta koma. Duk tsawon wannan hanya jakar ba ta da laifi.

A Tabelot wani tsohon ɗalibinsa ya tarbe mu, wanda aka yi magana da shi tun muna gida. Ba-Abzine ne, ya kusa arba'in, da rawaninsa da jakinsa guda. Tun yana saurayi ya yi aikin kora jakuna ma Turawa masu yawon buɗe ido, kafin tawayen 2007 da sace mutanen da aka yi a Arlit a 2010 su kashe wannan sana'a. Ya gaida Kawu har ƙasa, yana «Mushe, Mushe», sannan ya ɗaga jakar da hannu ɗaya, ya ajiye, bai ce komi ba. Sai ya kai mu wurin wani mai sayen albasa ya aro sikeli. Kilo 21. Ba a ma zuba ruwa ba tukuna, ga shi kowace lita guda kilo guda ce, babu ragi. Da lita 3 jakar ta zama kilo 24. Kawu kansa da ya hau sikelin, 68 ya nuna. Wato yana shirin hawan dutse da abin da ya fi kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa.

Jagoran namu ya ce ƙa'idar da ya ji wurin masu wannan yawo ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Kawu da sabon aiki ya yi lissafin a ka: 13 da ɗoriya. Ya yi tsaki. Ya ce shi da ya hau da rabin buhu.

«Mushe,» in ji jagora, «wanda ya hau da rabin buhun nan yana can 1996, bai zo da mu ba.»

Nan aka baje kaya bisa tabarma, aka shiga ciniki. Kuma a nan ne na fahimci cewa tambayar ba ita ce me za a zubar ba. Da ni aka ba wuƙa da nama, da na rage komi na bar ruwa da dabino, don haka jikina ya saba. Amma jagora ya fara da ware abubuwan da ya ce ko me za a yi ba za su fita ba, kuma masu nauyi ne: bargon da ya haura kilo 2, da katifar soso. Ya ce kowane mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6, fadamar bisa dutsen kuma ta haura mita 1500, alhali Agadas tana wajen 500. Ga Disamba, ga iska. Sannan ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki. In ka kwanta bisa tabarma kaɗai, komin kaurin bargonka, ta ƙasa sanyi zai shige ka. Saurayi zai yi rawar ɗari ya yi barci duk da haka. Dattijo ba zai runtsa ba, kuma wanda bai yi barci ba, da safe jakarsa ta ƙara nauyi ko ba a ƙara mata komi ba.

Kawu ne ya samo wa abin suna. Ya ce ashe gammo ne. Gammo shi ma kaya ne, yana da nauyinsa, amma ba ka taɓa ganin mai tallar ruwa ta jefar da gammonta don tulu ya yi sauƙi ba. Daga nan kowane abu aka ɗaga sai a tambaya: kaya ne ko gammo? Rediyo kaya ne, ya zauna a Tabelot. Tabarma kaya ce tunda ga soso. Gawayi kaya ne. Takalman soja sun jawo musu mai tsawo, don Kawu yana ganin su ne mutuncin mai hawan dutse. Jagora ya nuna mishi nasa fatattakakkun takalma, ya ce nauyin da ke ƙafa sai ka ɗaga shi a kowane taku, dubbai a yini, na baya kuwa zaune yake. Aka sauya su da wasu marasa nauyi masu kama dutse. Magani da tabarau da man zafi da fitila ba a ma yi maganarsu ba. Sai aka ƙaro abin da babu a jerin: sanda.

Abu biyu ne suka ƙi shiga ko wane ɓangare. Na farko kayan shayi. Ni har yau ina kan bakana cewa buta da kofuna da murhu da sukari kilo guda kaya ne, balle ga mai hawan jini. Kawu ya ce wanda bai kai hamsin ba ba shi da bakin magana a kan shayi. Jagora, da yake ɗan Abzin ne, ba sai an faɗi bayan wa ya bi ba. An dai rage sukarin zuwa rabi. Na biyu babbar riga. Ba ta kare sanyi kamar bargo, ba ta ciyarwa, kuma da sitacinta ta kusa kilo. Amma Kawu ya ce ba zai shiga ƙauyen da ya yi mushe shekara uku ba da wandon tafiya mai ƙura kamar ɗan ci-rani da ya dawo hannu biyu. A kan wannan ban yi gardama ba. Akwai jin daɗin da ba na jiki ba ne, kuma ina ganin manya sun fi mu biyan kuɗinsa.

Jagora ya ba mu labarin Turawan da ya yi aiki da su, yawancinsu ma sa'o'in Kawu ne ko sun girme shi, don su ne ke da kuɗi da lokaci. Ya ce akwai mai yanke ƙotar buroshin haƙori don ya rage nauyi. Abin barcinsu na gashin tsuntsu ne, bai kai kilo ba, yana dunƙulewa kamar ƙwallo, amma ya fi bargonmu ɗumi. Na tambayi kuɗinsa, abin da ya faɗa ya fi burs ɗin ɗalibi na watanni. Wato a can rashin nauyi sayensa ake yi. Mu a nan abin da ke da ɗumi yana da nauyi, abin da ba shi da nauyi ba ya da ɗumi, sai ka zaɓa. Kuma duk da haka, in ji shi, manyan jakunkunansu jakuna ne ke hawa da su, su kuwa ƴar ƙaramar jaka da kwalbar ruwa suke riƙewa, ba sa jin kunyar kowa.

A kan jakin nan ne maganar ta kusa ɓaci. Bayan duk rage-ragen nan jakar tana kilo 18 da ruwa. Na ce a ɗora ma jaki, ko ni in karɓi rabi. Ai tarbiyyarmu kenan, yaro ba ya tafiya hannu sake babba na ɗauke da kaya; in aka gan mu haka a titin Damagaram, ni za a zaga. Kawu ya ɗaure fuska. Ya ce in jaki zai hau da kayansa, to a ɗora shi shi ma bisa jakin a huta, ko a koma gida. Ya ce bai baro gida don ya ga dutse ba, dutse yana nan cikin hoto. Ya zo ne ya hau kamar yadda ya saba hawa. Na ga idonsa, na yi shiru. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana tsaye gaban allo, yanzu ƙananan malamai suna ce mishi «Baba, zauna mu yi», shi ya san abin da kalmar nan take mishi.

Jagora ne ya warware, kuma yadda ya yi abin na daɗe ina tunaninsa. Bai ce a rage ma Mushe kaya ba. Cewa ya yi a ayarin gishiri, wanda kakanninsa ke bi zuwa Bilma su gangaro ƙasar Hausa, ruwa ba na mutum ɗaya ba ne, na ayari ne, wuri guda ake haɗa shi. Don haka bidon ruwa duka bisa jaki, kowa ya riƙe lita guda. Kaye da bik kuma ai ba na Mushe ba ne, na lakwal ne, jakin ƙauye ne ya kamata ya kai kayan ƙauye. Kawu ya yi ɗan jim, ya ce wannan magana ce. Aka sake awo: kilo 12. Duk abin da ya rage a ciki nasa ne na kansa, kuma shi zai ɗauka.

Sannan jagora ya kwance ɗamarar nan da aka ɗaure ta baya, ya zagaya da ita ƙugun Kawu, ya ja ta tam. Ya ce ka taɓa ganin mace ta rataya ɗa a kafaɗa ta yini tana daka? Da zane da majanyi take ɗaure shi ya zauna bisa ƙugu. Kafaɗa riƙo take yi, ƙugu ke ɗauka. Kawu ya taka ƴan taku, ya juyo, ya ce, «Ashe ba ado ba ne.»

Hawan kansa ba ni da abu mai yawa da zan ce a kai. Duwatsu ne baƙaƙe manya-manya, hanya tana murɗawa tsakaninsu, jakuna masu saukowa da dankali da tafarnuwa suna matse ka jikin dutse. Kawu ya zauna sau bakwai. Na ƙirga, don Inna za ta tambaya. Kowace tsayawa sai ya sami abin nunawa, wai ga inda kwalin alli ya taɓa faɗuwa, don kada a ce hutu yake. Kwana biyu muka yi a fili kafin mu isa. Daren na biyu, a bisa fadamar dutsen, ruwan buta ya yi sanyin da in ya taɓa hannu sai ka ji kamar an sare ka. Ni ina naɗe cikin ƙyalle ina jin haƙorana, Kawu yana bisa sosonsa cikin bargo yana minshari. Sau biyu ya tashi da fitila ya zaga bayan dutse, abin da shi ma shekaru ne ke kawo shi, ya dawo ya ci gaba. Da asuba shi ya riga kowa tashi, ya hura ƴan itatuwa a murhun waya, ya dafa shayinsa kofi uku. Na sha, ban fasa ra'ayina ba.

Da ƙauyen ya bayyana, ya ce mu dakata. Ya shiga bayan wani dutse, ya fito cikin babbar riga da hula, duk ta yamutse, ya sake goya jakar a bisa rigar. Haka ya shiga. Mata suka yi guɗa, magidanta masu gemu suka riƙa zuwa suna faɗin sunansu da ajin da suka zauna, wani ya karanto mishi lissafin sau bakwai da faransanci don ya nuna bai manta ba. Tsohon da ya ba shi ɗaki a 1996 yana nan, ido ya tafi, sai da ya shafa fuskar Kawu da hannu. Aka dama mana irin furar nan tasu ta gero da dabino da cuku. Kwana uku muka yi.

Saukowa ce ta nuna gaskiyar gwiwa. Mu muna ɗauka hawa ne wahala, don shi ke cinye numfashi. Amma a gangara kowane taku birki ne, gwiwa tana tare nauyin jiki da na jaka ninki-ninki, kuma ba ta haki balle ka ji ta, sai dai ta kumbura. Jakar Kawu ma ta ragu a lokacin, don abinci ya ƙare, sukari ya ƙare, bargon kuma ya bar ma tsohon mai masaukinsa. Duk da haka, da muka ci kamar rabin gangaren, na ga yana sauke ƙafar dama a karkace, yana dogara sanda da hannu biyu, goshinsa da zufa cikin wannan sanyi. Na buɗe baki, jagora ya harare ni ta cikin rawani. Muka ci gaba. Can Kawu ya tsaya, ya kwance ɗamara, ya miƙo mini jakar.

«Riƙe mini nan, ɗana, in gyara igiyar takalmi.»

Ya duƙa ya taɓa igiyar, wadda ba abin da ya same ta. Ya miƙe ya kama hanya da sandarsa. Na goya jakarsa ta gaba, tawa ta baya. Bai waiwayo ya ce in ba shi ba, ni ma ban tuna mishi ba, har Tabelot. A can ya karɓi rediyonsa da tabarmarsa da takalman soja wurin mai albasa, ya shafa man zafi, ya ce wa duk wanda ya tambaya ai dutsen ne ya ƙara tsawo.

Rahoton da na kai ma Inna na zama bakwai ne wajen hawa. Na gangara ba ta tambaya ba. Wadda ta yi tambaya ita ce matar Kawu, da ta zazzage jakar ta ga babu bargo. Ashe cikin kayan aurenta yake, uwarta ce ta saya mata. Kawu ya shiga yi mata bayanin kaya da gammo, ta ce ita ba ta san wannan karatun ba, bargonta ta sani. Yanzu duk ranar da aka buɗe sabuwar dila a kasuwar Dole yana can yana ɗaga barguna ɗaya bayan ɗaya yana auna su a hannu, masu gwanjo har sun san shi. Biyu yake nema, ɗaya mai kauri na biyan bashi, ɗaya marar nauyi, don ya fara maganar Timiya.